Matatar Iska A Na'urar Sanyaya Gida: Ƙaramin Kaya Mai Jawo Babbar Hasara

Daga watan Nuwamba zuwa watan Maris na kowace shekara, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas ta ratso ƙasashen Afirka ta Yamma ɗauke da ƙura mai laushi kamar garin alkama. Kaso mai yawa na wannan ƙura yana fitowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, inda a zamanin da can ruwan wani babban tafki ya kwanta, sa'an nan ya ƙafe. Ita ce ke hana jiragen sama sauka a Kano da Maiduguri da Abuja a wasu ranaku, ita ce ke lulluɓe motoci da teburan ofis, kuma ita ce dai ke shiga cikin kowace na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki a gidaje da kantuna da otal-otal na ƙasar nan. Abin da ke tsaye tsakanin ƙurar da cikin na'urar shi ne wani ɗan faifai da ake kira matatar iska, wanda masu gyara da 'yan kasuwa suka fi sani da sunan filta.

Ba kasafai mai sayen na'ura kan tambayi irin matatar da ke cikinta ba. Yakan tambayi ƙarfinta, ko doki ɗaya ne, ko ɗaya da rabi, ko biyu, ya tambayi sunan kamfanin da ya ƙera ta, ya yi ciniki, ya biya. Alhali kuwa a cikin dukkan kayan da na'urar ta ƙunsa, matatar ce mafi araha, kuma ita kaɗai ce aka bar wa mai gida ya kula da ita da hannunsa. Idan ya yi sakaci da ita, ko kuwa ya sayo wadda ba ta dace ba, hasarar takan fara bayyana a takardar kuɗin lantarki da man janareta, daga bisani ta kai shi wajen mai gyara.

Kafin a yi maganar zaɓe, wajibi ne a bambanta na'urori iri biyu, domin shawarar da ta dace da ɗaya ba ta dace da ɗayar ba. A Amurka da Kanada gidaje masu yawa suna amfani da babbar na'ura guda ɗaya wadda ke hidimar gida baki ɗaya. Akan ajiye ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a saman silin. Da sanyi tana ɗumama iska, galibi da iskar gas, da zafi kuma tana sanyaya ta, kuma fanka guda ce ke tura iskar ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki. Wani bututun dabam ke janyo iskar ɗakunan ya mayar da ita cikin na'urar, kuma a bakin wannan hanya ta komawa ake zura matatar. Ke nan duk iskar gidan sai ta bi ta cikinta sau da dama a yini guda. A Nijeriya irin wannan tsari ana samunsa ne a bankuna da manyan otal-otal da asibitoci da wasu manyan gidaje na Legas da Abuja, kuma sashen sanyayawa ne kawai ake kafawa, don ko a Jos inda sanyi kan tsananta ba a saba da ɗumama gida ta bututu ba. Sauran jama'a kuwa na'urar bango suke saye, wadda rabinta ke cikin ɗaki rabinta ke waje, ko kuwa tsohuwar na'urar taga.

Ma'aunin da aka fi dogara da shi wajen matatar babbar na'ura daga Amurka ya fito. Ƙungiyar injiniyoyin ɗumama gine-gine da sanyaya su ta ƙasar, wadda ake kira ASHRAE a taƙaice, ta fitar da wata ƙa'idar gwaji mai lamba 52.2 a shekarar 1999, kuma a cikinta ne aka tsara ma'aunin da ake kira MERV, mai hawa daga 1 zuwa 16. Ana gwada matatar ne da ƙwayoyin ƙura masu girma daban-daban, ana auna su da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Don a gane ƙanƙantar abin, kaurin gashin kan mutum guda yakan kai kimanin maikiron 70. An kasa ƙwayoyin gida uku: daga maikiron 3 zuwa 10, daga 1 zuwa 3, sai kuma mafi ƙanƙanta, daga 0.3 zuwa 1.

Matata mai lamba 1 zuwa 4 ita ce tsohuwar irin nan ta zaren gilashi, wadda idan aka ɗaga ta ana iya hango haske da hannu ta bayanta. Ba ta kama ko kashi 20 cikin 100 na manyan ƙwayoyin. Asalinta ma ba don lafiyar mutane aka yi ta ba, an yi ta ne don ta tare zare da gashi da tarkace kada su toshe na'urar. Mai lamba 8, wadda aka yi da takarda ko yadi mai ninki-ninki kamar maficin hannu, tana kama aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin maikiron 3 zuwa 10, wato ƙurar gida da garin furanni da ƙwayoyin fumfuna. Mai lamba 11 tana kama kashi 85 na manyan, da kashi 65 na matsakaita. Mai lamba 13 kuwa tana kama kashi 90 na manyan, da kashi 85 na matsakaita, da aƙalla rabin mafi ƙanƙantar, inda hayaƙi yake.

Waɗannan ƙananan ƙwayoyi su ne likitoci suka fi damuwa da su, saboda hanci da maƙogwaro kan tare manyan, amma waɗanda ba su kai maikiron 2.5 ba suna wucewa har can cikin huhu. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da take ba da shawara a kan irin wannan ƙura daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska, a matsakaicin lissafin shekara. A ranakun da hazo ya yi kauri, iskar biranen arewacin ƙasar nan kan zarce irin wannan iyaka nesa ba kusa ba, kuma masu ciwon asma da tsofaffi da ƙananan yara su ne kan fara ji a jikinsu.

Annobar korona ta shekarar 2020 ita ce ta fito da lamba 13 fili, lokacin da ƙungiyar ASHRAE ta ba da shawarar a yi amfani da ita a gine-gine inda na'urar za ta iya ɗauka. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ma tana ba masu gidaje irin wannan shawara, da sharaɗin dai na'urar ta iya. Haka kuma a watan Yuni na shekarar 2023, sa'ad da hayaƙin gobarar dazuzzukan Kanada ya rufe birnin New York har sararin sama ya koma ruwan goro, hankalin jama'a ya sake komawa kan matatar da ke gidajensu.

To, amma a nan ne mai saye ya fi faɗawa cikin kuskure, don ganin cewa lamba ta fi lamba ba ya nufin mafi girma ce ta dace da kowane gida. Duk abin da ya tare ƙura, yana kuma tare wani kaso na iska. An ƙera fankar kowace na'ura ne ta ture wani adadi na nauyi, kuma yawancin na'urorin gida na Amurka an tsara su ne bisa matsi na kimanin rabin inci na ruwa, wanda bututu da sauran sassa suka riga suka cinye mafi yawansa tun kafin a zura matata. Idan aka saka mai tsananin ƙunci a na'urar da ba ta da sauran ƙarfi, iskar da ke ratsa bututun sanyi na ciki sai ta ragu. Bututun sai ya yi sanyi fiye da kima, ruwan da ke taruwa a jikinsa ya daskare ya zama ƙanƙara, ƙanƙarar kuma ta ƙara toshe hanya. Mai gida zai ga na'ura tana ta aiki ɗaki bai yi sanyi ba, ya ɗauka gas ne ya ƙare, ya kira mai gyara ya ƙara masa gas ɗin da ba a bukata. Idan abin ya daɗe, kwamfireso ne ke biyan bashin, shi ne kuwa sashe mafi tsada a cikin na'urar. A ƙasashen sanyi matsalar takan zo ta ɗaya fuskar: tukunyar ɗumamawa ta yi zafi fiye da kima don babu isasshiyar iskar da za ta kwashe zafin, ta riƙa kashe kanta da kanta.

Maganin wannan a wajen injiniyoyi shi ne faɗin fuskar matatar. Yadin da aka ninke sau da yawa, kuma ninkin ya yi zurfi, yana ba iska ƙofofi masu yawa. Saboda haka matata mai kaurin inci 4 ko 5 mai lamba 13 tana iya barin iska ta wuce cikin sauƙi fiye da mai kaurin inci 1 mai lamba ɗaya da ita, kuma tana daɗewa kafin ta cika, wata shida ko ma shekara a inda ƙura ba ta da yawa. Sai dai tana bukatar akwati mai faɗin da zai ɗauke ta, wanda dole a kafa shi a jikin bututu. Mai gina otal ko gida da zai sa babbar na'ura, lokacin da ya fi dacewa ya nemi wannan akwati shi ne tun ana zanen aikin, domin ƙara shi bayan an rufe silin aiki ne na fasa da gyara. Wanda kuwa ramin matatarsa inci 1 ne kawai, lamba 8 zuwa 11 ita ce mafi aminci gare shi, sai fa idan ƙwararre ya auna matsin na'urar ya tabbatar za ta ɗauki fiye da haka. Littafin da ya zo tare da na'urar yakan faɗi iyakar da kamfani ya yarda da ita, kodayake wannan littafi shi ne abu na farko da kan ɓace ranar da aka kwance kwali.

Girman matatar ma yana da nasa tarkon. Lambobin da ake rubutawa a gefenta, alal misali 20x25x1, suna ne kawai na ciniki, ainihin girmanta yakan gaza haka da kimanin rabin inci a tsawo da faɗi. Idan ta yi wa ramin kaɗan, iska za ta bi ta gefe, don iska hanya mafi sauƙi take bi, kuma matata mai tsada da ke da giɓi a gefenta ba ta fi mai araha amfani ba. Idan ta yi yawa aka tura ta da ƙarfi, sai ta lanƙwashe. Akwai kuma kibiya da ake bugawa a gefen kwalin, wadda dole ta fuskanci wajen fanka, wato inda iskar ta nufa.

Ga ɗan kasuwa mai shigo da kaya, wahalar ita ce ba ma'auni ɗaya ake rubutawa a kwali ba. Kamfanin 3M yana da nasa lissafin da yake kira MPR a kan matatunsa masu suna Filtrete, kantunan Home Depot na Amurka suna da nasu da ake kira FPR, kuma lambobinsu ba daidai suke da na MERV ba. Turai kuma ta bi wata hanya dabam. Ta daɗe tana amfani da ƙa'idar EN 779 mai haruffa irin su G4 da F7, sai a shekarar 2016 aka fitar da ƙa'idar duniya ta ISO 16890, wadda ta maye gurbinta a Turai a shekarar 2018. Wannan sabuwa tana rubuta ePM1 ko ePM2.5 ko ePM10, tare da kason da matatar ke kamawa na wannan girma. Tun da yake kayan da ke shigowa kasuwanni irin su Alaba ta Legas daga ƙasashe daban-daban suke, ana iya samun dukkan waɗannan rubuce-rubuce a rumfa guda. Wanda zai yi odar kwantena yana da haƙƙin ya nemi takardar sakamakon gwaji daga masana'anta, wadda ta nuna ƙa'idar da aka bi da kuma yawan matsin da matatar ke jawowa. Kwalin da aka cika da kalmomin yabo amma babu lambar wata ƙa'ida a jikinsa, bai yi wa kowa alkawarin komai ba.

Wani abin lura shi ne cewa matatu da yawa na zamani suna samun lambarsu ne saboda an cusa wa zarensu cajin lantarki mai janyo ƙura, kamar yadda leda kan janyo gashi. Wannan caji yana raguwa idan aka yi amfani da matatar na wani lokaci, don haka ƙarfinta a watan farko ba lalle ya zama shi ne ƙarfinta a wata na uku ba.

Sunan HEPA shi ne wanda ya fi jan hankalin masu saye. An ƙirƙiro irin wannan matata ne a shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an yi amfani da ita a aikin ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka don tare ƙura mai guba. Bisa ƙa'idar Amurka, sai ta kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3 kafin ta cancanci sunan. Ta dace da ɗakin tiyata da masana'antar magunguna, amma fankar na'urar gida ta yau da kullum ba ta da ƙarfin tura iska ta cikinta. Akwai kuma kayan da ake rubuta musu cewa masu kama da HEPA ne, wanda hakan kansa shaida ce cewa ba su cika sharaɗin ba.

Duk wannan bayani ya shafi babbar na'ura ce. Na'urar bango da mafi yawan gidaje da shagunan Nijeriya ke amfani da ita, matatarta raga ce ta roba da ke bayan murfin gaba, kuma aikinta bai wuce tare manyan tarkace ba. Ba a sauya ta, wanke ta ake yi. Kamfanoni da dama suna ba da shawarar a cire ta duk mako biyu a wanke da ruwa mai ɗan ɗumi, a shanya ta a inuwa ta bushe sarai kafin a mayar, kuma da hunturu mako guda ma bai yi kusa ba. Wasu kan yi dabarar ƙara soso ko yadi a bayan ragar don ta ƙara kama ƙura, amma fankar wannan na'ura ƙarama ce, sakamakon kuwa shi ne ƙanƙara da zubar ruwa a bango. Har ila yau ya kamata a sani cewa na'urar bango ba ta shigo da iska daga waje, iskar ɗakin ce take juyawa. Ƙurar da ke cikinta ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga ta shigo, don haka toshe waɗannan kafofi yana rage mata aiki ƙwarai.

Mai irin wannan na'ura da ke da mai ciwon asma a gida, abin da zai taimake shi shi ne injin tace iska mai zaman kansa wanda ake ajiyewa a ɗaki, kuma a nan ne HEPA take da gurbi. Ana auna irin wannan inji da lambar CADR, wato yawan iska mai tsabta da yake fitarwa a minti guda, kuma ƙungiyar masu ƙera kayan gida ta Amurka tana ba da shawarar lambar ta kai aƙalla kashi biyu cikin uku na faɗin ɗakin idan an auna shi da ƙafa. Ɗaki mai ƙafa 12 da 15, wato murabba'in ƙafa 180, yana bukatar lamba 120 ko fiye. A shekarar 2020 wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, suka yaɗa wata dabara mai sauƙin kuɗi: a haɗa matatu huɗu ko biyar masu lamba 13 su zama akwati, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a kai, a liƙe gefuna da salatif. Makarantu da gidaje da dama a Amurka sun yi amfani da ita lokacin annobar.

Batun kuɗi shi ne wanda ɗan kasuwa zai fi saurin ganewa. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa sauya matatar da ta toshe da sabuwa yana iya rage wutar da na'urar sanyaya ɗaki ke sha da kashi 5 zuwa 15 cikin 100. A watan Afrilu na shekarar 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Nijeriya ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin Band A zuwa Naira 225 kan kowane kilowat a awa guda. A ƙaddara na'ura mai doki ɗaya da rabi tana shan kilowat 1.2, tana aiki awa 8 a rana har kwana 30. Wannan kilowat 288 ke nan, wato Naira 64,800 a wancan farashi. Kashi 10 cikin 100 na wannan kuɗi shi ne Naira 6,480. Ga otal mai ɗakuna 40, hasarar ta kai Naira 259,200 a wata guda, a kan aikin da ba ya bukatar komai sai bokitin ruwa da ma'aikaci guda. Inda kuwa janareta ne ke ɗauke da nauyin, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, lissafin ya fi haka zafi.

Akwai abin da babu matatar da za ta yi. Iskar gas mai guba ta kabon monoksaid da ke fita daga janareta ba ƙura ba ce, tana ratsa kowace irin matata, har da HEPA, kuma ba ta da wari balle launi. Matatar da aka haɗa da sarrafaffen gawayi tana rage wari da wasu sinadarai, amma ita ma ba kariya ba ce daga hayaƙin janareta, wanda maganinsa shi ne a nisanta injin daga taga da ƙofa. Haka nan injinan da ake tallatawa da cewa suna tsabtace iska ta hanyar fitar da iskar ozon, ita wannan iska tana cutar da huhu, har jihar Kalifoniya ta kafa doka mai iyakance yawan ozon da injin tace iskar ɗaki zai fitar.

Dangane da lokacin sauyi, shirin Energy Star na gwamnatin Amurka yana ba da shawarar a duba matatar babbar na'ura kowane wata, kuma a sauya ta aƙalla duk wata uku. Wannan lissafi an yi shi ne don iskar Amurka, ba don Kano ko Sakkwato a watan Janairu ba, inda matata kan iya cika cikin 'yan makonni. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a zaro ta a ɗaga ta wajen haske, idan haske ba ya ratsa ta, aikinta ya ƙare. Ta takarda ba a wanke ta, domin ruwa yana lalata zarenta ya kuma jawo fumfuna, kuma bugun ta da sanda ko hura mata iska da ƙarfi yana yaga ta a wuraren da ido ba ya gani. Mai kula da gini yana iya rubuta kwanan wata da biro a gefen kowace sabuwa da ya zura, bayan shekara guda zai san adadin da gininsa ke ci da hunturu da kuma wanda yake ci da damina. Da wannan adadi ne zai yi odarsa tun watan Satumba ko Oktoba, kafin hazo ya sauko, lokacin da girman da yake nema bai ƙare a kasuwa ba.